Tambaya da Amsa: Me ya haɗa Cocin Katolika da batun muhalli?

Tambaya: Malam, ina yawan jin ana ambaton marigayi Fafaroma Francis a rediyo duk lokacin da ake maganar sauyin yanayi. Shin kula da muhalli yana cikin koyarwar Katolika tun asali, ko kuwa siyasar zamani ce ta shiga coci? Na kuma ji an ce Littafi Mai Tsarki ya ba ɗan Adam mulki a kan sauran halittu, to ta yaya za a hana mai mulki yin yadda ya ga dama? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, abin da kika ji game da mulki gaskiya ne, domin yana cikin Littafin Farawa 1:28. Sai dai malaman Katolika ba sa karanta wannan aya ita kaɗai. Suna haɗa ta da Farawa 2:15, inda aka ce Allah ya sa mutum a gonar Aidan domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta, da Zabura 24, wadda ta buɗe da cewa duniya da duk abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Saboda haka mulkin da aka ba mutum irin na wakili ne da aka danƙa wa amana, wanda zai ci moriyarta amma ba shi da ikon salwantar da ita.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne gurbin da aka ajiye wannan magana a littafin koyarwar Cocin, wato Katekizim na 1992. Tana sakin layi na 2415 zuwa 2418, a ƙarƙashin doka ta bakwai cikin Dokoki Goma bisa lissafin Katolika, wadda ta ce kada ka yi sata. Dalili kuwa shi ne, albarkatun ƙasa na mutanen jiya da na yau da na gobe ne baki ɗaya, don haka wanda ya ƙarar da daji ko ya gurɓata kogi ya ci haƙƙin maƙwabcinsa da na jikokin da ba a haifa ba tukuna. A nan ne kuma aka halatta cin naman dabba da sa ta aiki, aka hana azabtar da ita ko kashe ta ba gaira ba dalili, sannan aka soki kashe wa dabbobi dukiyar da ta fi cancanta a rage wa mutane talauci da ita.

Ke nan ba Fafaroma Francis ne ya fara ba. Tun 1979 Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana Waliyyi Francis na Assisi, mutumin Italiya da ya rasu a 1226, a matsayin majiɓincin masu kare muhalli. Daga waƙar yabon wannan waliyyi, wadda ta kira rana ɗan'uwa ta kira ruwa 'yar'uwa, aka ɗauko sunan Laudato Si', doguwar wasiƙar da Fafaroma Francis ya fitar a 2015, 'yan watanni kafin yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi. A cikinta ya ce samun tsabtataccen ruwan sha haƙƙi ne na kowane ɗan Adam, ya ce ƙasashe masu arziki na ɗauke da bashin ɓarnar da masana'antunsu suka jawo wa matalauta, ya kuma ƙi yarda a ɗora laifin a kan yawan haihuwa alhali almubazzarancin wasu tsiraru ne babbar matsalar. A fahimtata, wannan ma'auni ba ya daidaita matar da ta yi ice don dafa tuwon dare da ɗan kasuwar da ke share daji yana loda buhunan gawayi a manyan motoci.

Game da siyasa, zarginki ba ya rasa tushe, domin akwai 'yan Katolika, musamman a Amurka, da suka ce Fafaroman ya shiga fagen da ba nasa ba. Shi da kansa ya rubuta cewa Coci ba ta da'awar yanke hukunci a kan tambayoyin kimiyya ko maye gurbin 'yan siyasa, kuma ya gargaɗi mabiya kada su ɗaukaka doron ƙasa zuwa matsayin abin bauta. Ɗan Katolika yana iya saɓa wa wata shawara da ke cikin wasiƙar game da makamashi ko tattalin arziki, amma ba ya iya cewa ɓata halitta ba ruwan addininsa da shi. Tun 2015 ma Cocin ta keɓe ranar 1 ga Satumba domin addu'a a kan kula da halitta, al'adar da ta ɗauko daga Kiristocin Otodoks.