Moto na nutsewa ta baya in na ɗauki mutum da kaya

Malam, ka ce in ka goya iyali da buhun gero daga Kasuwar Dole zuwa Mirya, bayan moto na nutsewa, taya har tana gogar ƙarfe. Matsalar amortisa ce, wato ƙarfen nan mai sifirin da ke shanye girgiza a kowane gefen tayar baya, kuma sau da yawa ba sai ka sayi sabuwa ba.

Dubi ƙasan sifirin ɗin, za ka ga wani zobe mai matakala, galibi biyar. Ɗora moto kan tsayuwar tsakiya, ka sa sifana mai ƙugiya ka juya zoben zuwa mataki na huɗu ko na biyar. Wannan ba ya ƙara wa sifirin tauri, ɗaga baya kawai yake yi don ya samu sararin sauka. In kowa ya hau, nutsewar kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na iyakar nutsewar da amortisa ke iya yi.

Inda 'yan kabu-kabu ke kuskure: su juya gefe ɗaya su manta ɗayan, ko su doke zoben da guduma. Ni ma na taɓa fasa ɗaya haka. Gefe biyun su zama daidai. Ƙara iskar tayar baya yadda kamfani ya rubuta, ka duba sarƙa da kayan a kai, don takan ɗaure. Buhu kuma kusa da kujera, ba can ƙarshen kariya ba.

In ka ga mai na tsiyaya daga amortisa, ko moto na ta tsalle bayan rami, juya zobe ba zai yi magani ba, kai wa makanike.