Amsa ga mai tambaya: tsakanin IMVU, Second Life da VRChat, wanne zai yi maka?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana da wayar Android mai ram 4 da tsohuwar laftof wadda ba ta da katin hoto na daban (ɓangaren da ke zana hoto a allo), kana son shiga irin duniyoyin nan na intanet da mutum ke yawo da abata, wato ɗan mutum-mutumin da ke tsaya maka a ciki. An ambata maka IMVU da Second Life da VRChat, har wani ya ce maka ana samun kuɗi. Kana tambayar wanne ya fi.

Ukun nan ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba, ko da yake a hoto sun yi kama. Abin da zai raba maka gardama shi ne na'urar da ke hannunka, da datar da za ka iya saya, da abin da kake nema: hira a rubuce, magana da murya, ko ƙera abu da hannunka. Da kayan da ka lissafa, IMVU za ta tashi ba gardama, Second Life za ta yi idan ka gyara mata saiti, VRChat kuwa za ta wahalar da kai.

IMVU ta fara a 2004, kuma ita ɗakunan hira ce da aka yi wa ado. Ba a tafiya da ƙafa yadda ake yi a gem. Ka shiga ɗaki, za ka ga alamomi a ƙasa ko a kan kujera, ka danna ɗaya, abatarka ta koma can ta zauna ko ta tsaya. Ɗakin da aka saba da shi mutum 10 yake ɗauka, shi ya sa waya ba ta shan wahala: abin da za ta sauke ɗaki ɗaya ne da kayan jikin mutanen da ke ciki. Rayuwar wurin kacokan a kan sutura take. Kuɗinta kiredit ne, kuma iri biyu ne, a nan sabon shiga ke ruɗewa. Akwai na kyauta da ake ba ka don ka shigo ko ka kammala wani ɗan aiki, akwai wanda ka saya da kuɗinka. Na kyautar za ka sa wa kanka kaya da shi, amma ba za ka saya wa wani kyauta ba. Idan ka ga an rubuta Guest_ a gaban sunanka, ba matsala ba ce, alama ce kawai cewa ba ka yi rajistar sunan da kuɗi ba tukuna. Kayan manya an ware su a bayan wani tikiti mai suna Access Pass, na masu shekara 18 zuwa sama. Muddin ba ka saye shi ba, ba za ka ga waɗannan ɗakuna ba, kuma shawarata ka bar shi a haka. Duk da haka ɗakunan kowa-da-kowa ma ba su rasa masu neman soyayyar banza da masu roƙon kyauta, sai ka zaɓi inda za ka zauna.

Second Life kuwa wata aba ce daban, kuma ita zan fi tsayawa a kai, domin ita ce mutane suka fi shiga su fice a ranar farko ba tare da sun gane abin da ya faru ba. Kamfanin Linden Lab na San Francisco ne ya buɗe ta a 2003. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya da aka yanka yanki-yanki, kowane yanki mita 256 ne tsawo da faɗi, kuma kusan duk abin da idonka zai gani, gida, bishiya, takalmi, mota, mazauna ne suka ƙera shi. Ma'anar wannan ita ce babu abin da ke zaune a kwamfutarka tun farko. Duk inda ka sauka, sai an turo maka komai ta intanet a lokacin. Shi ya sa sabon shiga yake sauka ya ga bango toka-toka, mutane babu kai ko gashinsu na shawagi a gefe, shi kansa ya zama wani ɗan gajimare. Sai ya ɗauka manhajar ce ta lalace. Ba ta lalace ba, kaya ne ba su ƙaraso ba.

Ga abin da za ka yi a laftof irin taka. Ka sauke Firestorm, wadda manhajar shiga ce ta masu sa kai da kamfanin ya amince da ita, kuma ta fi ba da damar rage nauyi. Ka danna Ctrl da P ka shiga saitin hoto. Nisan gani ka sauke shi zuwa mita 64, domin duk abin da ke cikin wannan da'irar sai kwamfutarka ta sauke shi ta zana, kuma idan ka ninka nisan, filin da za ta zana ninki huɗu yake yi. Ka kashe inuwa da kyallin madubi da na ruwa. Sannan ka rage iyakar nauyin abata, ta yadda duk wanda ya sha ado fiye da kima zai bayyana maka a matsayin siffa mai launi ɗaya maimakon ya daskarar maka da allo. Ctrl da Shift da 1 zai buɗe maka ma'aunin da ke nuna hotuna nawa kake samu a daƙiƙa da jinkirin layinka. Idan hotunan ne suka yi ƙasa, laifin kwamfuta ne, ka ƙara rage saiti. Idan jinkirin ne ya hau, laifin layi ne, kuma saiti ba zai gyara shi ba, tunda sabobinsu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da duniyar, a Amurka suke. Kada ka riƙa goge ma'ajiyar wucin gadi ta manhajar duk lokacin da abu ya ɗan tsaya. Mutane da yawa suna ba da wannan shawarar, alhali ita ce ke cinye data, domin duk abin da ka goge sai ka sake sauke shi. Idan ka faɗa wurin da bai yi maka ba, Ctrl da Shift da H zai mayar da kai gida nan take. Akwai manhajarta ta waya, tana yi wa hira da yawo, amma gini sai a kwamfuta.

Wurare a can an kasa su uku: General, Moderate da Adult. Ka shiga saiti ka tsayar da naka a na farko, ko na farko da na biyu. Kada ka daɗe a wuraren saukar baƙi, nan ne 'yan tsokana ke taruwa. Ka nemi Caledon Oxbridge, inda aka jera darussan koyon tafiya da sa kaya da gini, ko Builders Brewery idan ƙira kake so. Lokacin da ake rubutawa a sanarwar taro na Kalifoniya ne. Najeriya da Nijar suna gabansu da awa 8 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa 9 a sauran watanni. Taron ƙarfe 12 na rana a can, ƙarfe 8 ko 9 na dare ne a wajenka.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne jiki da kaya. Kuɗin Second Life dalar Linden ce, kuma wajen 250 ce ke yin dalar Amurka ɗaya. Jiki mai kyau da kai mai kyau kowanne dubban Linden ne, kuma ana ɗinka riga ne daidai da wani jiki takamaimai. Rigar da aka yi wa jiki samfurin Maitreya ba za ta zauna a kan samfurin Legacy ba, za ka ga fata na leƙowa ta kafaɗa da gwiwa. Saboda haka kada ka sayi komai sai ka gwada samfurin gwaji, wanda yawanci kyauta ne ko Linden ɗaya. Ka kuma duba izini uku da ke kan kowane kaya: ana kwafa, ana gyarawa, ana miƙa wa wani. Abin da ba a kwafa, in ya ɓace ya tafi ke nan. Wata na farko ka zauna da jikin kyauta da suke bayarwa. Fili ma ba dole ba ne, akwai filayen gwaji inda kowa ke gini kyauta, sai dai bayan 'yan awoyi ana mayar maka da kayanka cikin jakarka. Mai biyan kuɗin zama mamba na Premium yana samun Linden 300 duk mako da izinin fili mai murabba'in mita 1024.

VRChat ta fito a 2014, ta shiga Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, a 2017, kuma ita duniyar murya ce. Akwai akwatin rubutu, amma harafi 144 kawai yake ɗauka, kuma yawancin mutane baki suke buɗewa. Muryar tana bin nisa: ka matso kusa da mutum ka ji shi sosai, ka ja baya ta dusashe, ka juya ta koma ɗaya kunnen. Za ka shiga ɗaki ka tarar da mutum shida zaune a gaban wani babban madubi, suna hira suna kallon abatocinsu a ciki, wani dogo kamar raƙumin dawa, wani bai kai gwiwa ba. Ba dole sai da gilashin nan na sawa a fuska ba, da allon kwamfuta ma ana shiga, amma tana son katin hoto na gaske. Ta Android kuma ram 6 aka nema lokacin da aka fitar da ita, ka ga wayarka ba ta kai ba. Ko da ta kai, duniyar da aka gina don kwamfuta kaɗai ba ta buɗuwa a Android, kuma abatar waya an ƙayyade mata megabait 10, sannan idan ta wuce alwatika 20,000, wato ƙananan siffofi masu kusurwa uku da ake haɗa jikinta da su, ana sa ta a aji mafi nauyi, a ɓoye ta ga mutane. Idan Allah ya hore maka na'ura daga baya, ka buɗe asusu a shafinsu kai tsaye, kada ka tsaya a na Steam, domin da nasu ne ake ɗora abatar da mutum ya ƙera, shi ma sai ka wuce matakin Visitor zuwa New User. Idan za ka buɗe ɗaki, ka zaɓi yankin Turai, ya fi kusa da mu a kan Amurka da Japan. Ka kuma fara da ɗakin abokai ko na ƙungiya, domin na kowa-da-kowa ihu da zagi sun yi yawa. Wanda yake son ya gyara Turancinsa na baka, babu kamarta cikin ukun.

Idan waya kaɗai za ka riƙe, akwai ZEPETO ta Koriya ta Kudu da Avakin Life ta Ingila, dukkansu don waya aka yi su kuma ana tafiya a cikinsu. Roblox ta fi karkata ga wasanni, kuma yara sun yi yawa.

Maganar data, kowa da inda yake zuwa, don haka ka auna da kanka. Ka duba abin da manhajar ta ci a saitin wayarka ko na Windows, ka yi awa ɗaya a wuri guda, ka sake dubawa. Gobe ka yi awa ɗaya kana tsalle daga wuri zuwa wuri. Bambancin zai nuna maka cewa yawo da cunkoso ne ke cin data, zama wuri ɗaya da mutane kaɗan ba ya ci sosai. Ka kashe waƙa da bidiyon da ke kunna kansu. A Second Life wannan yana da amfani biyu, domin waƙar daga sabar wani take zuwa kai tsaye, mai sabar kuma yana iya ganin adireshin intanet ɗinka.

To, batun samun kuɗi. Gaskiya ne ana samu, amma masu sana'a ne ke samu: wanda ya iya manhajar ƙira ta Blender yana ƙera kaya, ko mai zanen fata da yadi, ko mai rubuta umarnin kwamfuta. A Second Life kana sayar da Linden a kasuwar canjinsu mai suna LindeX, su zama dala a asusunka, a tantance katin shaidarka, sannan a tura maka, kuma kowane mataki akwai ladan da ake cira. Kafin ka ɓata wata shida kana koyo, ka tabbatar hanyar biyan da suke amfani da ita tana karɓar kuɗi a ƙasarka, ba aikawa kaɗai ba. A IMVU yawancin masu ƙira suna ɗora zanensu ne a kan ƙirar wani, kuma mai asalin ƙirar yana da kasonsa a duk abin da aka sayar, don haka ribar guda ɗaya 'yar kaɗan ce. A Roblox sai ka tara kuɗinta, Robux, har 30,000 da ka samu ta hanyar aikinka kafin ka fitar, wanda ya ɗan haura dala 100. Idan ƙira ce ta ja ka, ka bincika kasuwanninsu ka ga me ake da shi na babbar riga da hular zanna da lalle, ka gina abin da ka fi kowa sanin yadda yake zama a jiki. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗinka ya juya maka a ciki, ka guje shi. Linden Lab ta haramta caca a 2007, ta kuma hana bankunan bogi a farkon 2008 bayan wani mai suna Ginko Financial ya rushe da ajiyar mutane.

Ka kunna tantancewa mai mataki biyu tun ranar farko. Satar asusu yawanci ta hanyar mahaɗi take zuwa: a turo maka shafi mai kama da nasu a ce kyauta ce, ka zuba kalmar sirri da hannunka. A Second Life idan wani abu ya fito da akwatin gargaɗi yana neman izinin cire kuɗi daga asusunka, ka ƙi, sai in kai ne ka kafa na'urar sayarwa a shagonka. Kiredit mai arha daga hannun wani a waje yana iya jawo a rufe maka asusu da duk abin da ke ciki. Kuma ka sa a ranka cewa abin da ka saya izinin amfani ne kawai, yana nan muddin kamfanin yana nan. PlayStation Home ta rufe a 2015, Club Penguin a 2017, AltspaceVR ta Microsoft a 2023. Idan ƙanne za su karɓi wayarka, VRChat daga shekara 13 ne, Second Life daga 16, kuma ko sun kai, ban ga dalilin barin su su kaɗai a ɗakunan kowa-da-kowa ba.

Ka fara da IMVU a waya na mako ɗaya ba tare da ka sayi komai ba. Sannan ka sa Firestorm a laftof, ka yi saitin da na faɗa, ka sauka a Caledon Oxbridge, ka tsaya wuri ɗaya minti biyar har komai ya gama bayyana. Ka buɗe ma'aunin, ka rubuto mana adadin hotuna a daƙiƙa da jinkirin da ka gani, tare da sunan injin laftof ɗin da girman ram ɗinta, sai a gaya maka abin da za ka ƙara ragewa.