Tambaya da Amsa: Mayar da aboboyaa motar feshi da watsa taki a filin ciyawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Wani Alhaji da ke kula da filayen ƙwallo na makarantu ya kawo mini tsohuwar aboboyaa, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, yana so in gyara ta ta riƙa feshin magani da watsa taki, domin yaransa sun gaji da goyon tankin feshi. Ta ina zan fara?
Mai walda, daga Aboabo

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa sana'a albarka. Kafin ka taɓa tanki, duba taya da gudu, domin nan ne irin wannan aiki ya fi lalacewa.

Tayar aboboyaa siririya ce, don kwalta aka yi ta. Ruwa lita 100 nauyinsa kilo 100 ne, ga direba, ga taki, ga ƙarfe. In ta hau fili bayan ruwan Mayu ko Yuni na Kumasi, sai ta bar sawu mai zurfi wanda ba ya cikewa da wuri. Nemo faffaɗan tayoyi na tsohon injin yankan ciyawa na hawa, ko na babur mai ƙafa huɗu, a rage musu iska. Cire akorin baya gaba ɗaya, ka haɗa firam mara nauyi da fayif mai kusurwa huɗu na milimita 40. Tankin roba ya zauna ƙasa-ƙasa, gaba kaɗan da tayoyin baya, a ɗaure shi da bel biyu. Kada ya wuce lita 120. Tankin da ya rage rabi ma ya fi cikakke haɗari a kwana, don ruwan yana tunkuɗar gefe.

Gudun da ake so kilomita 5 ne a awa, kuma kada ya riƙa hawa da sauka. Babu hannun da zai riƙe totur daidai tsawon awa guda. Yi wa totur ɗin togaciya da noti yadda ba zai wuce wani wuri ba, amma in direba ya saki ya koma da kansa. Auna mita 50 a kan ciyawar, sa giya ta ɗaya, tanki rabi. In ta cinye su a daƙiƙa 36, ka samu. Injin da iska ke sanyaya shi yana ɗaukar zafi a wannan tafiyar hawainiya, sai ka ɗaura masa fanka ta batir.

Hanyar ruwa kuwa: daga gindin tanki sai bawul, sai matata mai raga lamba 50, sai famfo na bolt 12, sai bawul mai daidaita matsi wanda ke mayar da rarar ruwa cikin tanki, sai geji mai nuna matsi, sai bawul na kusa da hannun direba, sannan sandar feshi. Tiyon da ke komawa tanki ya kai har ƙasa, shi ke motsa maganin kada ya kwanta. Matata kafin famfo take zama. In aka sa ta bayansa, yashi zai cinye robar famfon.

Sandar ta zauna a baya, don kada direba ya riƙa shiga cikin abin da ya fesa. Sa nozul huɗu, wato bakunan feshi, masu fesa ruwa a baje, masu digiri 110, santimita 50 tsakaninsu, santimita 50 sama da ciyawa, faɗin aikin ya zama mita 2. Mai launin rawaya yana fitar da kusan lita 0.8 a minti a matsin ba 3 (ba, wato bar, shi ne ma'aunin matsi), shuɗi kuma kusan 1.2. Rawaya huɗu lita 3.2 ke nan, don haka sayi famfon da zai ba da ninkin wannan a matsin ba 3. Adadin da ke jikin kwali yawanci na lokacin da babu matsi ne, kada ya ruɗe ka. Cajin aboboyaa ba zai ɗauki famfo ba in injin yana tafiya a hankali. Ba shi batirin mota nasa, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 da fiyus na amfiya 15 dab da batirin.

Tambaya: Ina da filin biki mai ciyawa. An haɗa mana irin wannan motar, amma bayan feshi sai fili ya fito layi-layi, wani kore wani rawaya, wuraren da motar ke yin kwana kuma duk sun ƙone. Maganin ne ba shi da kyau?
Hajiya, daga Old Tafo

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Da maganin ne, da filin duka ya canza launi. Layi-layi alama ce ta cewa wani wuri ya sha biyu, wani bai samu ba. Ki sa a cika tanki da ruwa zalla, a bi kan busasshen siminti, a tsaya a kalli yadda yake bushewa. In ratsi ya bushe tsakanin nozul da nozul kafin sauran, sandar ta yi ƙasa da yawa ko matsi ya gaza. Sannan a tara kofi ƙarƙashin kowane nozul na minti ɗaya. Wanda ya bambanta da 'yan'uwansa da fiye da kashi 10 cikin 100, a canza shi. Wanda ya toshe kuma da buroshin haƙori ake wanke shi. Allura tana faɗaɗa ramin, hurawa da baki kuwa shan guba ne.

Ƙonewar kwana daga direba take. Yana rage gudu zai juya, ruwa na ci gaba da zuba. Ya rufe bawul kafin kwana, ya buɗe bayan ya miƙe, a kuma sa wa kowane nozul ɗan bawul mai hana ɗiga. A kafa turaku a gefe biyu na fili, mita 2 tsakani, ya riƙa saita su.

Ga lissafin da ya kamata mai aikinki ya riƙe. A ninka abin da nozul ɗaya ke fitarwa a minti da 600, a raba da tazarar nozul a mita, a sake rabawa da gudu, wato kilomita nawa a awa. Wato 0.8 sau 600, raba da 0.5, raba da 5, ya ba da lita 192 a hekta, wato murabba'in mita 10,000. Tanki mai lita 100 zai rufe rabin hekta da ɗan ɗoriya, to maganin rabin hekta za a zuba masa, gwargwadon abin da takardar kwalbar ta ce. In gudu ya faɗi zuwa rabi, ciyawa ta sha ninki. Kuma ƙara matsi ba ya gyara lissafi: sai an ninka matsi sau huɗu kafin ruwa ya ninka sau biyu, a lokacin kuwa ya zama hazo, iska ta kwashe shi zuwa furannin maƙwabta.

Ki kuma tambaya ko an taɓa zuba gilaifoset, wani maganin kashe ciyawa, a tankin. Shi ba ya bambanta ciyawar ado da ta banza, ragowarsa a tiyo ma ta isa ta yi ɓarna. Mai ganye mai faɗi a cikin ciyawa irin su 2,4-D ake fesa masa, da safe iska a kwance.

Tambaya: Na yi faifan watsa taki da motar waifa ta mota, amma takin a gindin faifan yake zubewa.
Ɗan koyo, daga Asawase

Amsa: Yaro, Allah ya yi maka albarka, ka yi tunani, sai dai motar waifa juyinta bai wuce 'yan gomomi a minti ba. Faifai yana son ɗaruruwa. Samo motar fankar lagireto, ka haɗa ta da abin rage gudu na bolt 12. Ta waifar kada ka yar, sa mata ɗan ƙarfe ta riƙa motsa taki a cikin mazubi. Faifai ya kai santimita 25 zuwa 30, da fukafukai uku ko huɗu masu nauyi ɗaya, takin ya faɗo kusa da tsakiya. Bangon mazubi ya yi gangare sosai, aƙalla digiri 45, da raga a baki don tare dunƙule, da ƙofa mai zamewa a gindi wadda za ka yi wa alama.

Kada nitirojin ya wuce giram 5 a kowace murabba'in mita a zubi ɗaya. Da NPK 15-15-15 giram 33 ke nan, da yuriya giram 11 kacal. Filin ƙwallo mai mita 105 da 68 zai ci kusan buhu biyar na NPK masu kilo 50. Raba adadin biyu, ka bi fili a tsaye, ka sake bi a kwance. A gudun kilomita 5 kana cin mita 83 a minti. In faɗin watsin mita 4 ne, kusan kilo 5.5 ya kamata ya fita a minti a kowane zagaye. Kashe faifan, buɗe ƙofa minti ɗaya a kan bokiti, ka auna a sikeli. Faɗin kuma jera farantai a ƙasa, ka wuce ta kansu, ka ga inda takin ya fara raguwa. A watsa a busasshiyar ciyawa, a bi da ban ruwa nan take.

Tambaya: Wata uku kacal, gindin mazubin ya yi tsatsa, famfo kuma ya daina ja.
Mai kula da lambu, daga Sawaba

Amsa: Malam, taki gishiri ne, yana jan laima, Kumasi kuwa ba ta rasa laima. Kada taki ya kwana a mazubi. A share, a wanke, a shanya, a shafa giris a ƙofa da notuna. In za a sake, a yi mazubin da rabin durom na roba, faifai da notuna na ƙarfen da ba ya tsatsa, a rufe motar faifan daga sama. Famfo kuwa duba tiyon da ke shiga cikinsa, don ko ƙaramar kafa ce sai ya ja iska. In tiyon lafiya, buɗe kan famfon, za ka tarar da busasshen magani a bawul ɗinsa. Bayan kowane aiki a ɗauraye tanki sau uku, a bar ruwan ya bi ta nozul, a fesa shi a kan filin da aka yi wa aiki, nesa da kwata da rijiya. In za ka sayi magani a kasuwar Kejetia, duba lambar rajistar EPA, hukumar kare muhalli ta Ghana, a jikin kwalba, kuma mai haɗawa ya sa safar hannu ta roba da takalmin ruwa da abin rufe hanci.