Auta, ka bar jaki kana dukan taiki

Auta, na ga saƙonka bayan sallar asuba. Jiya da ka tare ni a bakin shago hankalina yana kan kwamfutar Alhajin nan mai gaggawa, shi ya sa na ce ka rubuto. Ka ce manhajar duba hotunan da kake haɗa wa mai hoton nan na Terminus tana aiki, amma da ka danna kibiya sai ta sandare kusan sakan guda kafin hoto na gaba ya fito, in kuwa ka danne maɓallin ka saki, sai ta yi ta wucewa ita kaɗai kamar motar da burkinta ya tsinke a gangaren Hawan Kibo. Abokanka sun ce laifin Python ne, yaren kwamfutar da ka rubuta ta da shi, wai ka watsar ka sake da Rust ko C++. Kana tambaya ko ka bi shawararsu.

Kada ka bi, aƙalla ba yanzu ba. Na buɗe abin da ka turo na karanta, kuma ko da wane yare ka sake rubuta shi a wannan tsarin, sandarewar za ta biyo ka. Ba Python ne ke warware hoton ba. Kai kira kawai kake yi, Qt, kayan aikin da ka gina tagar manhajar da shi, ya miƙa wa laburaren JPEG, wato shirin da ke warware irin waɗannan hotuna, shi kuwa da yaren C aka rubuta shi tun asali. Matsalarka tana wurin wanda ka ɗora wa aikin, da lokacin da ka ɗora masa, da yawan abin da ka ce ya yi.

Mu fara da lissafi. Kyamarar mutumin nan tana ɗaukar hoto mai faɗin ɗigo 6000 da tsayin 4000, ɗigo miliyan 24 ke nan. A kan memori za ka ga fayil ɗin bai wuce megabait 8 ko 10 ba, sai ka raina shi. To a dunƙule yake, kamar katifar da aka naɗe aka ɗaure da igiya. In an warware shi don a nuna, kowane ɗigo bait 4 yake ci, sai ya koma megabait 96. Hoto ɗaya fa. Kwamfutarsa ta gwanjo mai ram gigabait 4, wato wurin da take ajiye abin da take aiki a kai, hoto 40 sun lashe ta tas, tun ba a ba Windows rabonsa ba. Allonta kuma 1366 ne da 768, ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai. Ka ga kana sa inji ya sha wahalar miliyan 24 don ka nuna abin da bai kai miliyan ɗaya ba, sauran ka zubar.

Akwai hanyar yanke. Tun da aka kafa JPEG a 1992, gida-gida yake yanka hoto, ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance, kuma wannan ya sa ana iya warware shi a rabin girmansa, ko rubu'i, ko sumuni, ba tare da an bi ta cikakken girman ba. A Qt, ka yi amfani da QImageReader, ka gaya masa girman da kake so ta setScaledSize kafin ka ce ya karanta. A rubu'i hoton zai zo 1500 da 1000, megabait 6 kacal, ya kuma ishi allon nan har da saura. Saurin ba zai ninka sau 16 ba, don dole a karanta fayil ɗin gaba ɗaya a kwance matsin farko, amma za ka ji bambancin a yatsanka. Cikakken girma sai ya ce a zuƙo, ya duba ko idon amarya ya fito tar. PNG ba shi da wannan gatan, amma mai hoton biki ba ya tara PNG.

Wannan shi ne mai sauƙin. Ga babban kuskuren.

Duk manhaja mai taga tana da zare guda, wato layin aiki guda, da ke sauraron maɓalli, shi ne kuma ke zana allo. Ka ɗauke shi kamar mai tsaron kanta. Kai abin da ka yi, duk wanda ya zo sayayya sai mai kantar ya rufe ƙofa ya tafi sito da ƙafarsa ya ɗauko kaya. Yana can layi yana taruwa, babu ko mai cewa sannu da zuwa. Allo yana sabunta kansa sau 60 a sakan, wato kowane zane yana da milisakan 16 da ɗan abu, mutum kuma in abu ya wuce kashi ɗaya cikin goma na sakan bai amsa ba, ya fara jin an tsayar da shi. Kai kana tafiyar sakan guda. Maɓallin da aka danne kuwa yana maimaita kansa wajen sau 30 a sakan. Ya danne na sakan biyu, buƙata 60 ta jeru, kowacce tana jiran sakan nata. Ga motarka marar burki: minti guda cur tana biyan bashin abin da mutum ya riga ya wuce.

Mai kanta ba ya barin kanta, yara yake aika. In an danna kibiya, abu ɗaya zaren farko zai yi: ya ƙara lamba, daga hoto na 12 zuwa na 13, ya rubuta sunan fayil a ƙasan allo, ya miƙa buƙata ga zaren aiki, ya koma sauraro. Zaren aikin ne zai karanta ya warware ya dawo da QImage, wato warwararren hoton. Kula da wannan, QImage ne ake taɓawa a zaren aiki, QPixmap, wanda ake zanawa a allo, na zaren farko ne shi kaɗai. In ka haɗa su, manhajar za ta yi ta aiki lafiya a gabanka, sai ranar da kake nuna wa mai ita ta mutu.

Aiken ma da ladabinsa, kuma nan nake so ka daɗe. Kada layin buƙatun ya zama wanda ya fara zuwa shi za a fara sallama. Wanda ya kai hoto na 60 ba ruwansa da na 14. Duk sanda lamba ta canza, ka share buƙatun da ba a fara ba, ka sa na yanzu a gaba. Waɗanda aka riga aka fara, ka liƙa wa kowacce lambar hotonta, in ta dawo ka duba: har yanzu ita ake so? In ba ita ba ce, kada ta hau allo. Da yawa suna manta wannan binciken, sai ka ga mutum yana kan hoto na 60, can sai na 57 ya faɗo masa a fuska don shi ya makara a hanya. A manhajar da ake zaɓe da gogewa, wannan ya wuce abin dariya, don zai goge abin da ba shi yake nufi ba.

Yayin da yake gudu da maɓalli a danne, kada ka bar shi da baƙin allo. Yawancin hotunan kyamara suna ɗauke da ɗan ƙaramin hoto a cikin bayanansu na EXIF, wato bayanan da kyamara ke liƙa wa hoto, galibi 160 da 120. Dishi-dishi ne, amma ya isa ya gane an bar wajen kamu an shiga walima. Ka nuna shi nan take, in ya tsaya sai na ainihi ya maye gurbinsa. Fayilolin RAW ma, wato ɗanyen hoton kyamara, irin CR2 na Canon da NEF na Nikon, akwai JPEG kwance a cikinsu, shi za ka zaro ka nuna. Kada ka ce za ka warware RAW da kanka, wannan wata sana'a ce daban.

Sai abin da ke sa mutum ya rantse manhaja tana da aljanu. Ka san mai shayinmu na kwana. Da sanyin Disamba, yana hango ni daga tsallaken titi ya fasa ƙwai biyu, kafin in gyara zama a benci an juye. Ba wai hannunsa ya fi na kowa sauri ba ne, ya dai san abin da zan ce. Kai ma ka sani: wanda ke kan hoto na 13 yana tafiya gaba, na 14 zai nema. To yana kallon na 13 ka warware 14 da 15 da 16 ka ajiye, ka kuma riƙe 12 da 11 don mai zaɓen hoto yana yawan waiwaye. In ya juya baya, kai ma ka juya. Ajiyar nan da nauyi za ka iyakance ta, ba da ƙirga ba. Ka ce megabait 300, misali, in ta cika a fitar da wanda ya fi daɗewa ba a duba ba. In ka ce hoto goma, wata rana za a kawo maka goma masu faɗin filin Polo.

Kada kuma zumuɗi ya sa ka saki zare takwas a kan memori ɗaya. Ta abin karanta memori na USB 2.0 yake buɗe hotunansa, ko daga tsohon faifai mai juyawa, wanda in an ja shi nan an ja shi can sai ya ƙara nawa. Mai karatu ɗaya, masu warwarewa biyu, sun isa.

Yanzu maganar kibod. Na ga ka sa j da k, na gaba da na baya, irin na vi, tsohuwar manhajar rubutun nan. Na san inda ka gani, ni ma ina so. Amma ka san asalinsu? Bill Joy ya rubuta vi a 1976 a kan na'urar ADM-3A, wadda aka zana kibiyoyi a kan h da j da k da l don ba ta da maɓallan kibiya daban. Larura ce ta zama al'ada. Mai hotonka bai taɓa jin wannan labari ba, kuma ba ya bukata. Ka bar masa kibiya da dogon maɓallin tazara, naka su zauna a gefe ga mai so. Abin da za ka lura da shi hannunsa ne. Ya dawo daga biki da hoto dubu biyu, uwar amarya tana kira, yana so ya fitar da ɗari uku na albam kafin magariba. Dama a kan kibiya, hagu a kan 1 da 2 da 3: na albam, na tura wa dangi, na zubarwa. Idonsa bai bar allo ba, hannunsa bai nemi maus ba. Duk tagar da za ta ɓullo tana tambayarsa ko ya tabbata, ka cire ta, don a hoto na hamsin ya daina karantawa.

To in ba a tambaya, me zai kare shi? Zan gaya maka abin da ya same ni, tun ba ka zo shagon nan ba. Na haɗa wa wani mai hoto irin wannan abu, na sa maɓallin gogewa ya goge kai tsaye, ina taƙama da sauri. Ana yi masa magana ya juya, yatsansa na kan maɓallin. Ka tuna sau 30 a sakan. Kafin ya waiwayo hotunan kamun amarya sun tafi. Kwana muka yi da PhotoRec, manhajar dawo da abin da aka goge, muna tono a memori, muka samo mafi yawa, sauran har yau ina jin kunyar gaishe shi. Tun ranar ban sake barin maɓalli mai ɓarna ya amsa maimaici ba. Qt yana gaya maka ta isAutoRepeat ko danna ce ta gaske ko maimaici, ka yi watsi da na biyun. Gogewa kuma ta zama turawa kwandon shara, akwai moveToTrash tun Qt 5.15. Mafi kyau ma, lambobin nan su zama alama kawai, kada fayil ya motsa sai ya gama ya ce a zartar, sannan a sami maɓallin janye abin da aka yi na ƙarshe.

Akwai 'yan ƙayoyi da za su soke ka in ba ka share ba. Jerin suna: kwamfuta za ta sa hoto10 kafin hoto2, ka jera da lamba yadda mutum ke ƙirga. Hoton da aka ɗauka a tsaye zai fito a kwance in ba ka kunna setAutoTransform ba, don kyamara ba ta juya shi, alama kawai take sawa a EXIF, daga 1 zuwa 8. Kada ka yarda da wutsiyar suna, sau da yawa abin da aka sauke daga intanet sunansa jpg amma cikinsa wani tsarin hoto ne mai suna WebP, farkon fayil ɗin za ka duba, JPEG na gaskiya da bait biyun nan FF D8 yake farawa. Ka gwada folda mai suna da ƙ da ɗ da ɓ, ka ga ko za ta buɗe. Fayil ɗin da aka ɗauke wuta ana tsakiyar kwafarsa, ka nuna abin da ya samu ka wuce, kada manhaja ta faɗi. Masu iPhone kuma tun 2017 tsarin hoto na HEIC suke kawowa, wannan sai da ƙarin laburare, mu bar shi sai gaba.

Wuri ɗaya abokanka suke da gaskiya: tashi. Kafin Python ya farka ya loda Qt akwai ɗan jira, musamman a tsohon faifai, kuma shi ya sa IrfanView, shirin duba hoton nan da ya fito tun 1996, har yau masu shagon hoto ba su rabu da shi ba, kana danna hoto ya buɗe. Amma ko nan akwai naka laifin, don na ga kana leƙa kowane fayil na foldar kafin ka nuna komai. Ka fara buɗe wanda aka danna, jerin sunayen ya biyo baya, sunaye kawai. In mun gyara duk wannan muka auna, ya zama tashin ne kaɗai ya rage, sai mu zauna mu yi maganar C++.

Ranar Litinin ka karɓo aron memorin mutumin, na bikin gaske, ba hotuna biyar ɗin da kake gwaji da su ba. A tsohuwar kwamfutar bayan kanta za mu gwada, ba a taka ba. Kafin nan ka sa agogo a wuri uku, karatu da warwarewa da zane, kowanne ya rubuta milisakan nawa ya ci, ka zo mini da lambobin a takarda. Ka taho da cajarka, tawa tana wurin gyara.