Hoto zai iya nuna darajar tsohuwar kwandala da gaskiyar launinta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga dalar azurfa ta Amurka, samfurin Morgan bugun 1884 mai alamar O, ana sayarwa a intanet. Hoto biyu mai ita ya sa, gaba da baya. Ya ce darajarta MS-65 ce, kuma launin bakan gizon da ke jikinta na asali ne. Ba ta cikin kwanson wani kamfanin tantancewa. Zan iya gaskata shi daga hotunan nan kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Hoto biyu sun isa su hana ka saye, amma ba su isa su tabbatar da lamba 65 ba.

Ma'aunin da ake aiki da shi na William Sheldon ne, wanda ya fito da shi a 1949, daga 1 zuwa 70. Daga 60 zuwa sama na kwandalar da ba ta taɓa shiga hannun jama'a ba ne, wato MS. Ƙasa da nan akwai AU-50 zuwa AU-58, mai ɗan gogewa kaɗan. Abin da ke raba AU-58 da MS shi ne sheƙin bugu, kuma a nan ne hoto ya fi yaudara. Lokacin da hatimin buga kuɗi ya danne azurfa, ƙarfen yana malala daga tsakiya zuwa baki, ya bar siraran layuka da ido ba ya gani. Su ne ke sa haske ya riƙa zagayawa a fuskar kwandalar idan ka karkata ta ƙarƙashin fitila. Inda aka goge, zagayen yakan yanke, wurin ya yi toka-toka. Hoto ba ya motsi, don haka ka nemi bidiyo na daƙiƙa 10 zuwa 15, ana juya ta a hankali ƙarƙashin fitila guda ɗaya. A dalar Morgan ka sa ido kan kunci, da gashin da ke saman kunne, da ƙirjin gaggafa a baya.

Sai dai kada ka ɗauki raunin bugu a matsayin gogewa. Alamar O ta gidan buga kuɗi na New Orleans ce, kuma an san bugunsa da yawan fitowa da ƙirjin gaggafa shafe. Idan wurin ya shafe amma sheƙi na nan a kansa, bugu ne bai cika ba. Idan ya shafe kuma launinsa ya bambanta da na kewaye, hannu ne ya ci shi.

Haske mai taushi da ke zuwa ta ko'ina yana ɓoye siraran ƙarce na wanda ya goge kwandala da tsumma. Waɗannan layuka a jere suke tafiya, su hau har kan hoton fuska da haruffa, kuma ba sa bayyana sai haske ya faɗo musu ta gicciye. Sun bambanta da layukan goge hatimi a masana'anta, waɗanda a ɗage suke, suna tsayawa a gindin haruffa. Kwandalar da aka goge da tsumma, kamfanonin tantancewa na PCGS da NGC ba sa ba ta lamba tsantsa, sai dai su rubuta aibinta a kan kwanson.

Batun launi ya fi buƙatar natsuwa. Dalar Morgan kashi 90 azurfa ce, kashi 10 jan ƙarfe. Idan azurfa ta haɗu da farar wuta da ke cikin iska, ko takarda, ko yadi, sai wani siririn shafi ya hau kanta, kuma kaurinsa ne ke tsara launin da ido ke gani. Shi ya sa launin asali yake da jeri: rawaya mai haske, ruwan zinariya, ja-ja, shunayya, shuɗi, sannan jerin ya sake zagayowa da kore a ciki, a ƙarshe ya koma baƙi. Miliyoyin waɗannan daloli sun shekara da yawa a buhunan yadi masu cin 1,000 a taskar baitulmalin Amurka. Wadda ta jingina da buhu takan fito da launi a fuska ɗaya, wani lokaci har da shatin saƙa, ko siffar jinjirin wata inda wata kwandalar ta rufe mata sashe. Launin asali kuma yakan bambanta tsakanin tudun zane da kwarinsa, har ya bar ɗan fili fari a gefen taurari da lambobin shekara. Na ƙirƙira, wanda ake yi da wuta ko sinadari, yakan kwanta a sama kamar fenti, ya haye haruffa da fili da kala ɗaya, ya tsallake daga rawaya zuwa shuɗi ba tsani. Ni dai idan na ga gaba da baya duk sun rine iri ɗaya, shuɗi da shunayya sun yi kauri, zargina yakan ƙaru, domin sau da yawa ana rina kwandala ne don a rufe ƙarcen da ke ƙasa.

Kyamara ma tana ƙara gishiri. Ka dubi abin da aka ɗora kwandalar a kai: idan farar takarda ta koma rawaya ko shuɗi, to launin kwandalar ma ya gurɓata. Ka roƙi a sake ɗauka a kan farar takarda, ba tare da gyaran waya ba, a haɗa da hoton baki, inda ake ganin dameji ko shatin zubi na jabu. A ɗora ta a sikeli kuma: nauyinta giram 26.73 ne, faɗinta milimita 38.1, kuma maganaɗisu ba ya kama ta.

Tunda ba ta cikin kwanso, ka yi tayin kuɗin da ya dace da MS-62 ko 63, kada ka biya ƙarin kuɗin launi, kuma ku yi yarjejeniya a rubuce cewa za ka iya mayar da ita idan kamfanin tantancewa ya ce an goge ta ko launinta na ƙirƙira ne. Idan ya ƙi aiko da bidiyo, ka bar masa kayarsa.