Tambaya da Amsa: Wa ke kai kumba saman kogi?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni harkar shanu nake a Kara, bakin kogin Ogun, in ruwa ya ja baya mukan ga ɓawon kumba cikin laka. Yarona ya ce wai ta yaya abin da ko motsin kirki ba ya yi yake bazuwa ko'ina a kogi, wallahi na rasa amsa. Mai karatu daga Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya mana shi. Ka ce masa kifi ne motarta.

Bari in ɗauki ɗaya daga cikin kumbar da aka fi yin bincike a kansu, Margaritifera margaritifera, mai yin lu'ulu'u, ana samunta a kogunan Sikotland, Norwe, Rasha har gabashin Kanada. Namijin sakin maniyyinsa yake cikin ruwa kawai, macen ta zuƙo shi wajen shaƙar ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe a jikinta, sai ta feso 'ya'ya miliyoyi ƙanana da ido bai cika gani ba, kuma duk wanda bai dace da kifin salmon ko trout ya shaƙe shi ba to shi kenan ya mutu, kusan dukkansu haka suke ƙarewa. Wanda ya dace sai ya maƙale a matsefin kifin, wato inda yake numfashi da shi, wajen wata 9, kifi na ta yawo da shi har can sama, sannan ya faɗo ya nutse cikin tsakuwa kamar shekara 5 kafin ya leƙo. Sai ta kai shekara 10 zuwa 15 take fara haihuwa, amma fa tana haura shekara 100 a raye.

Namu na Afirka dangi daban ne, akwai Etheria elliptica da ke manne wa duwatsu a kogin Neja da kogin Nilu da yankin Tafkin Chadi, amma da yawa cikin danginsu su ma sai da kifi. Wadda ake ɓamɓarowa a saiwar itatuwan lagun ɗin Legas kuwa ta ruwan gishiri ce, ita ba ruwanta da kifi.

Abin da ke damuna Alhaji shi ne dattin da muke turawa kogi, jini da kashin shanu da leda. Babbar kumba ɗaya kan tace ruwa har lita 50 a rana, amma in laka ta toshe tsakuwa ƙananan shaƙewa suke, in kifi ya gudu kuma haihuwa ta tsaya ko da manyan na nan. Sikotland sai da ta haramta farautar waccan kumba mai lu'ulu'u a 1998. Don Allah ku yi maganar wurin zubar da shara da shugabannin kasuwa.