Yadda ake gane tsohuwar sarƙar lu'ulu'u mai matse wuya

Hajiya, kin ce an kawo miki sarƙar lu'ulu'u mai jeri huɗu wadda ke zama daidai wuya, mai sayarwa ya ce ta shekara ɗari, kina tambayar yadda za ki tabbatar.

Wannan salo Alexandra, matar Sarki Edward na Bakwai na Ingila, ce ta yayata shi, ana cewa tabo take rufewa a wuyanta. A lokacin lu'ulu'un gaske da ake shiryawa na asali ne, masu ninƙaya ke ciro shi daga cikin kawa, galibi a tekun Fasha, musamman Bahrain. Da na kiwo, wato wanda ake samarwa ta hanyar kiwon kawa, irin na kamfanin Mikimoto na Japan, ya cika kasuwa bayan 1920, farashi ya rushe. Saboda haka sarƙa na iya tsufa ba tare da ƙwayoyinta na asali ne ba.

Ki goga ƙwaya ɗaya a haƙorinki a hankali: na gaske yana da ɗan kaushi, na gilashi ko roba santsi gare shi. Sai dai wannan gwaji ba ya raba na asali da na kiwo, hoton X-ray na masu gwajin duwatsu ne ke rabawa. Ki duba maɗaurin ko akwai tambarin zinariya, amma kada ki dogara da shi, ana sauya maɗauri.

In kin saya, a sake zaren da siliki, a ƙulla tsakanin kowace ƙwaya don kada su zube in ya tsinke. Kada turare ya taɓa ta, yana dusashe ƙyallin.